Ƙwarya Ta Bi Ƙwarya: Tsohuwar Lasifika da Amfilifayar da Ta Dace da Ita

'Yan'uwana ɗalibai, da ku malamai ma'aikata waɗanda ba ku daɗe da fara karɓar albashi ba, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana wadda da farko za ku zaci ta masu gyaran rediyo ce kurum. Zan fara ta da labarin wata ɓarna da na yi da hannuna, don kada wani ya ce ina gargaɗin mutane a kan ramin da ban taɓa faɗawa ba.

Kakana ma'aikacin gwamnati ne a zamaninsa. A cikin 1975, sa'ad da aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji har da ariyas, waɗansu abokansa suka sayi babura, waɗansu suka ƙara aure, shi kuwa ya sayo na'urar juya faifai da amfilifaya da lasifikoki biyu ƙirar Ingila, masu akwatin katako mai sheƙi. Amfilifayar ta daɗe da mutuwa, har an sayar wa 'yan gwangwan. Lasifikokin kuwa suka zauna a ɗakin ajiya ana ɗora musu tabarmi da tsofaffin tukwane. Bara na roƙa aka ba ni su, na kawo su ɗakinmu na kwana a nan makaranta. Ni da abokin zamana muka haɗa kuɗi muka sayo wata 'yar sabuwar amfilifaya wadda aka rubuta wat 2,000 da manyan baƙaƙe a jikin kwalinta. Daren da aka gama jarrabawa muka murɗa ta har ƙarshe. Ba a yi rabin sa'a ba sai sautin ya dushe, kamar an lulluɓe mawaƙin da bargo, ga wani ƙauri yana tashi.

Washegari na kai su wurin wani dattijo mai gyara. Ya buɗe, ya gwada, ya ce ƙananan lasifikokin nan biyu masu fitar da siririn sauti, waɗanda suke kira tuwita, sun ƙone. Na ce, "Baba, ashe ƙarfin amfilifayar ne ya yi musu yawa." Ya ce in miƙo masa 'yar akwatin da ke ba ta wuta daga soket. Ya nuna mini rubutun da ke bayanta, bolt 12, amfiya 5, ya ce in ninka. Na ce 60. Ya ce, "To, ɗan samari, kai da kake jami'a, yaya wanda aka auna wa mudu ɗaya zai sayar da buhu? Ƙarfinta bai yi yawa ba, kasawa ya yi, kuma kasawar ce ta kashe su." Abin da ya yi kusan shekara 50 lafiya lau, ni na gama da shi a dare ɗaya saboda na gaskata kwali.

Tun daga ranar na shiga bincike, kuma abin da na gano shi nake so in kafa hujja a kansa a wannan fili. Ra'ayina shi ne, tambayar nan da muka saba yi a kasuwa, watau "wat nawa ce?", ita ce mafi ƙarancin amfani cikin duk tambayoyin da mai sayen kayan sauti zai iya yi, balle ma in tsofaffin lasifikoki ne. Lasifika ba ta da wat ko ɗaya na kanta, karɓa take yi daga amfilifaya ta mayar da shi motsin iska. Kowace tsohuwar lasifika kuwa an ƙera ta ne bisa la'akari da irin amfilifayar zamaninta da irin ɗakin da za a ajiye ta. Wanda ya raba ta da abokiyar burminta, ko dai ya ji sauti maras daɗi ya ɗora wa tsufa laifi, ko kuwa ya yi irin asarar da na yi.

Kafin mu yi nisa, bari mu san abin da ake nema. Kalmar hai-fai taƙaitawa ce ta waɗansu kalmomin Ingilishi biyu masu nufin cikar riƙon amana, watau na'ura ta mayar maka da sauti kamar yadda aka ba ta, ba ragi ba ƙari. In ka sa faifan Mamman Shata, ya kamata ka iya rarrabe kalangu da 'yan amshi, har ka ji inda ya ja numfashi. In ka sa na Ɗan Maraya Jos, ya kamata ka ji tsirkiyar kuntigi daban, kacau-kacau ɗin da ke biye da ita daban. Ƙara kuwa abu ne mai sauƙin samu, ko injin niƙa yana da ita.

Yadda aka zo nan

Kafin tiransista ta yaɗu, amfilifayoyi da ƙwayayen lantarki na gilashi suke aiki, waɗanda masu gyara ke kira bawul. Suna da zafi, suna da tsada, wat 10 ko 15 ma abin alfahari ne a lokacin. Saboda haka ya zama tilas maƙeran lasifika su nemi dabarar da za ta sa ta yi ƙara da ɗan abin da ta samu. Dabarar kuwa ita ce ta kakaki. Mai busa kakaki numfashinsa bai fi na kowa ba, amma ana jinsa daga bayan gari, domin bututun ya fara da siranta ya yi ta faɗi har zuwa baki. A cikin 1946 Paul Klipsch ya fara ƙera lasifikarsa Klipschorn a garin Hope na jihar Arkansas a Amurka. Ya nannaɗe kakakin a cikin akwati, ya tsara ta yadda sai an cusa ta a kusurwar ɗaki, bangaye biyu su zama ƙarashen bakin kakakin. Har yau ana ƙera ta. A Ingila kuma kamfanin Tannoy ya fito da ƙirarsa Dual Concentric a 1947, inda aka dasa tuwita mai ɗan kakaki a tsakiyar babbar lasifikar. Irin waɗannan duk ba su da ci, amma akwatunansu kamar kabad suke.

Sai a 1954 Edgar Villchur ya juya al'amarin. Ya yi akwati rufaffe ruf, ya bar iskar da aka kulle a ciki ta riƙa mayar da mazurarin lasifikar wurinsa duk sa'ad da ya motsa. Da haka ƙaramin akwati ya iya fitar da kaurin sauti mai zurfi wanda a da sai ƙaton akwati. Ta farko ita ce AR-1 ta kamfanin Acoustic Research, sa'an nan AR-3 a 1958, da AR-3a a 1967. Abin ya zo a kan gaɓa, domin a 1958 ne faifan sitiriyo ya shiga kasuwa sosai, shi kuwa lasifika biyu yake bukata, kuma ba kowane gida ne ke da wurin ajiye kabad biyu a falo ba. A 1966 kusan kashi ɗaya cikin uku na kasuwar lasifika a Amurka na wannan kamfani ne. Amma fa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: rufaffen akwati cin wuta gare shi. Masana sauti suna da wata ƙa'ida da suke dangantawa ga Anton Hofmann, cewa abubuwa uku ne maƙeri ke so, watau ƙaramin akwati, da zurfin kauri, da ƙarancin cin wuta, kuma biyu kaɗai zai iya samu a lokaci ɗaya. Klipsch ya sadaukar da ƙanƙantar akwati, Villchur ya sadaukar da ƙarancin ci.

Tiransista ta zo ta sa wat ya yi araha, kamfanoni suka shiga gasar lamba, kowa yana ƙirga nasa yadda ya ga dama. Abin ya yi ƙamari har hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta kafa doka a 1974, cewa duk mai tallar amfilifaya ya faɗi ƙarfin da take iya bayarwa a kai a kai ba na ƙiftawar ido ba, ya faɗi a kan om nawa aka auna, da yawan gurɓacewar sautin. A 1978 Pioneer suka fito da SX-1980 mai wat 270 a kowane ɓangare, nauyinta wajen kilo 35. A wannan shekara kuma aka fito da NAD 3020 wadda wat 20 kacal aka rubuta mata, amma ta yi suna a duniya saboda tana iya juya lasifikoki masu wuyar sha'ani waɗanda suka gagari waɗansu masu manyan lambobi. Ashe tun a wancan zamani masu kunne sun gane lamba ɗaya ba ta isa shaida ba.

Tambayoyi uku

Tambaya ta farko da ya kamata a yi wa tsohuwar lasifika ita ce, wace irin ƙara take bayarwa in an ba ta wat 1, aka auna daga nisan mita 1? Da desibel ake faɗin wannan. Galibin lasifikokin ɗaki ba su mayar da ko kashi 1 cikin 100 na wutar da suka sha zuwa sauti, saura zafi yake zama, don haka bambancin da ke tsakaninsu a nan babba ne. Klipschorn takan ba da wajen desibel 104. 'Yar ƙaramar LS3/5A, wadda injiniyoyin BBC suka tsara a tsakiyar shekarun 1970 don motocinsu na ɗaukar shiri a waje, wajen 83 take bayarwa. Lissafin kuwa ga shi: duk ƙarin desibel 3 sai an ninka wat sau biyu, duk ƙarin desibel 10 sai an ninka sau goma, kuma sai a nan ne kunne ke jin kamar ƙarar ta ninka biyu. Tsakanin 83 da 104 akwai 21, watau ninki biyu har sau bakwai, 128 ke nan. Abin da ta farko za ta yi da wat 1, ta biyu sai ta nemi fiye da wat 100, kuma za ta ƙone tun ba ta kai can ba. Daga nan kuma za a ga wautar mai barin amfilifayar wat 50 ya sayi ta wat 100 yana zaton ƙara za ta ninka: desibel 3 kaɗai ya saya da kuɗinsa.

Mu kawo lissafin cikin ɗakin ɗalibi. Lasifikoki biyu masu desibel 88, kana zaune nisan mita 2, kowace tana shan wat 1, abin da zai iso kunnenka ya kusa desibel 85. Wannan ƙara ce sosai, ita ce iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka yanka wa mai aikin sa'a 8 a masana'anta. Sai dai kiɗa ba a miƙe yake tafiya ba, dukan ganga yakan yi tsalle da desibel 10 ko 15 bisa matsakaicin sauti, watau ninki 10 zuwa 30 na wat. Saboda haka wat 30 na gaskiya sun wadatar da irin wannan ɗaki, kuma yawancinsu ajiya ce ta jiran dukan ganga.

Tambaya ta biyu ita ce, om nawa ce? Om shi ne ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta. Ɗauki bolt a matsayin ƙarfin turin ruwa a famfo, amfiya kuma yawan ruwan da ke gudana. Lasifika mai om kaɗan kamar bututu ce mai faɗi, ruwa da yawa take zuƙa. In amfilifaya ta tura bolt 20 cikin om 8, amfiya biyu da rabi za ta bayar, wat 50 ke nan. In om 4 ne, sai ta ba da amfiya 5. In om 2 ne, amfiya 10. Wadda taransifomarta da tiransistocinta ba su da wannan ƙarfi, ko ta yi zafi ta kashe kanta, ko ta ƙone. AR-3a om 4 ce, ga ta kuma da ci, shi ya sa take son amfilifaya mai ƙwarin ciki wadda aka rubuta a bayanta ƙarara cewa ta yarda da om 4. Daɗin daɗawa, lambar da ke bayan akwati matsakaiciya ce kawai, turjiyar tana hawa tana sauka gwargwadon kaurin sauti ko sirantarsa. A shekarun 1980 an yi wata mai suna Apogee Scintilla wadda ake iya haɗa ta a om 1, amfilifayoyin da ke iya ɗaukarta a lokacin ba su da yawa. Sa'an nan a kula da ɗabi'ar nan tamu ta jona lasifikoki huɗu a amfilifaya ɗaya ranar biki: biyu masu om 8 a layi ɗaya sun zama om 4, biyu masu om 4 sun zama om 2.

Akwai kuma akasin haka. LS3/5A ta asali om 15 ce, ba ta zuƙar amfiya da yawa, bolt take so. Amfilifayar tiransista mai wat 50 a kan om 8, kusan rabin haka za ta iya ba ta. Amfilifayoyin bawul kuwa, irin su Dynaco ST-70 ta 1959 mai wat 35 a kowane ɓangare, suna da wuraren jona waya daban-daban a baya, na om 4 da 8 da 16, mai ita ya zaɓi wanda ya dace. Irin waɗannan ba a kunna su ana sa musu kiɗa ba tare da an jona lasifika ba, domin taransifomarsu ta fitar da sauti na iya lalacewa.

Tambaya ta uku ita ce, ina iyakarta? Misali mafi kyau a nan shi ne Quad ESL, wadda Peter Walker ya fitar a Ingila a 1957, aka ci gaba da ƙera ta har 1985. Ita ba ta da mazurari ko maganaɗisu. Wata siririyar leda ce aka shimfiɗa tsakanin faranti biyu masu huje-huje, aka cika ta da wuta ta bolt dubbai, sautin da amfilifaya ta aiko ya riƙa jan ta yana tura ta. An tsara ta ne don amfilifayar bawul ta wannan kamfani mai wat 15. In abin da aka aika mata ya wuce wajen bolt 33, tartsatsi yakan tsallaka ya huda ledar. Turjiyarta kuma takan faɗo zuwa wajen om 2 a siririn sauti, abin da ke rikita waɗansu amfilifayoyi. Ga lasifika wadda babbar amfilifaya ke kashewa, ƙarama maras natsuwa kuma ta kasa riƙe ta.

To, yaya aka yi ƙaramar amfilifaya ta kashe na kakana? Irin wadda muka saya, in ba ta da wata dabara ta ɗaga bolt a cikinta, da bolt 12 ba za ta ba lasifika mai om 8 fiye da wajen wat 9 masu tsabta ba. Da muka murɗa ta ƙarshe muka nemi abin da ba ta da shi, sai ta shiga guntule ƙololuwar kowane motsi na sauti. Guntulallen sauti cike yake da ƙarin siraran sautuka masu kaushi waɗanda babu su a cikin kiɗan, kuma amfilifayar ta daina hutawa tsakanin duka da duka. Duk wannan tuwita ake aika wa, ita kuwa naɗin wayarta siriri ne kamar gashi, wat kaɗan take iya jurewa. Kaushin nan da muka ji kafin ɓarna gargaɗi ne, mu kuwa muka ɗauka daɗi ne. In ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

Kowace da muryarta

Wanda ya daidaita waɗannan abubuwa uku, sai a sa'an nan zai ji ainihin muryar lasifikarsa, kuma zai tarar ba su zama ɗaya ba. AR-3a kaurinta mai zurfi ne mai natsuwa, siririn sautinta kuwa ja da baya yake yi, kunnen da ya saba da kayan sautin shagon aski zai fara cewa ba ta da armashi, sai ya zauna da ita sa'a guda. In aka ba ta amfilifaya maras ƙwari, kaurin yakan saki ya zama gunji. JBL L100, wadda ta fito a 1970 daga zuriyar lasifikokin ɗakin ɗaukar waƙa, ba ta da wuyar juyawa, tana tura murya da ganga gaba har ka ji su a ƙirji, ko da yake tana ƙara nata gishirin a miya. LS3/5A ba ta da zurfin kauri, amma a wajen muryar mutum da wuya a kushe ta, don aikin da aka yi ta dominsa ke nan. Quad ESL tana da tsabtar da har yau ake misali da ita, sai dai kujera ɗaya take yi wa hidima sosai, tana son fili a bayanta, ba ta son ƙura ko laima. Masu kakaki kuwa suna da zafin nama wajen dukan ganga, amma tun da ba su raina ko ƙanƙanin abu, duk wani huci ko gurnani na amfilifaya sai sun tona shi. Su wat 5 masu tsabta sun fi musu amfani bisa 200 masu datti.

Sa'an nan kada a manta da tsufa, da irin ƙasar da muke ciki. Lasifikoki da yawa na shekarun 1970, irin su Advent, da zoben soso aka liƙa mazurarinsu ga ƙarfe. Soson nan yakan ruɓe ya marmashe, zafi kuma yana gaggauta masa. In aka kunna ta a haka, naɗin waya ya riƙa gogar maganaɗisu har ya lalace, alhali sabon zobe abu ne mai arha ga wanda ya iya sa shi. Kafasitocin da ke rarraba sauti tsakanin babbar lasifika da tuwita su ma suna sauya hali da shekaru, kuma wadda ta lalace tana iya barin kauri ya shiga tuwita. Maɓallan daidaita sauti da ke bayan akwati sukan yi tsatsa, mutum ya zaci tuwita ta mutu alhali wanki kawai suke so. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Tsohuwar amfilifaya ita ma abar bincike ce: mai gyara ya auna bakin fitar sautinta ya tabbata ba ta yoyon wuta miƙaƙƙiya, domin wannan yoyo yakan dafa naɗin waya shiru ba tare da an ji komai ba. A ƙarshe a duba bayanta kafin a jona. Wutarmu bolt 230 ce, kayan da aka yi don Amurka 120 suke sha, na cikin Japan 100, kuma 'yan gwanjo ba kullum suke faɗa ba.

Na san abin da waɗansu za su ce

Wani zai ce, ɗalibin da ke fama da kuɗin makaranta da na abinci, ina ruwansa da akwatunan Turawa na shekara 50? Amsata ita ce, mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa bukatar wannan sani, domin mai kuɗi in ya ƙona ya sayi wata, talaka kuwa sau biyu yake biya. Akwai gidaje da yawa na tsofaffin ma'aikata da malaman makaranta inda irin waɗannan kaya ke kwance, 'yan gwangwan suna zawarcin maganaɗisunsu da tagullarsu a kan kuɗin da bai kai na cefanen kwana biyu ba. Ban da wannan, akwai wata ɗabi'a da nake tsoro. Mu da muke aji yau, mu ne gobe za mu zauna a kwamitin sayen janareto da famfunan ban-ruwa da kayan asibiti. Wanda ya saba gaskata babbar lamba a kan kwali, irin wadda ake bi da haruffan PMPO, bai taɓa juya kaya ya ninka bolt da amfiya ba, haka zai sa hannu a takardar gwamnati. Lissafin da dattijon nan ya sa ni yi, na aji uku ne na sakandare, kuma na ci shi a jarrabawa. Abin kunya shi ne ban taɓa zaton yana aiki a wajen aji ba.

Wani kuma zai ce, ai na zamani sun fi. A wurare da dama gaskiyarsa. Maƙeran yau suna da kwamfuta da kayan awo waɗanda Villchur bai samu ba, kuma lasifikar zamani mai kyau takan fi yawancin tsofaffi daidaito. Akwai sababbin amfilifayoyi marasa nauyi, marasa zafi, masu ƙarfi na gaskiya, waɗanda ke juya om 4 ba tare da wahala ba, don haka nauyi ya daina zama ma'auni kamar a zamanin SX-1980. Ba kuma duk tsohon abu ne zuma ba, an yi tarkace a 1975 kamar yadda ake yi yau. Abin da nake cewa kawai shi ne, tsohuwa mai kyau an yi ta da dunƙule da sukurori yadda za a buɗe a gyara, ta riga ta nuna tana iya rayuwa rabin ƙarni, kuma ba ta neman komai daga gare mu sai a san halinta. Sabuwar amfilifaya ta gaskiya da tsohuwar lasifika suna zama lafiya, in an yi tambaya kafin a haɗa su.

Shawarata ga wanda ya gaji irin waɗannan kaya ko ya tsinta a gwanjo ita ce, kada ya jona su ranar da ya kawo su. Ya cire murfin gaba ya duba zoben. Ya sa mitar mai gyara a bakin wayarsu: mai om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 wajen 3. Ya nemi sunanta da lambarta a intanet ya ga desibel nawa take bayarwa. Ya zaɓi amfilifaya wadda ta faɗi ƙarfinta a kai a kai, a kan om kaza, ya kuma gwada wannan da abin da take sha daga soket. Ya fara a hankali, kuma da zarar ya ji kaushi ya rage, ko da abokai suna cewa a ƙara.

Ni dai dattijon nan ya samo mini waɗansu tuwitoci ya sa, ba irin na asali ba, domin waɗancan an daina yin su. Ya kuma haɗa ni da wata tsohuwar amfilifaya mai wat 25 a kowane ɓangare, bayan ya auna ta ya sauya mata kafasitoci. Sauti ya dawo, kalangu ya rabu da 'yan amshi, ko da yake shi mai gyaran ya ce wanda ya san su a da zai ji bambanci. Da aka yi hutu na kai su gida na kunna wa kakana. Ya saurara har waƙar ta ƙare, sa'an nan ya matso ya shafa katakon, ya ga sawun sukundireba a jikin sukurorin. Ya ce, "An buɗe su ko?" Na sunkuyar da kai na ba shi labari duka. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Da ka tambaye ni, da na gaya maka. Maɓallin tawa lamba 10 gare shi, kuma duk shekarun da na yi da ita ban taɓa wuce 4 ba."

Ina fatan wanda ya karanta wannan zai yi tambayar da ni ban yi ba, tun kayan kakansa suna da rai.